Amanar da ke Hannun Masu Tara Takardun “Karnukan Sarƙa”

A kasuwannin kayan yaƙi na Turai da Amurka, da kuma gwanjon da ake yi ta intanet, ana rububin wasu ƙananan littattafai biyu da Jamus ta riƙa bai wa sojojinta a Yaƙin Duniya na Biyu. Soldbuch shi ne wanda soja ke yawo da shi a aljihu, ɗauke da muƙaminsa da rundunarsa da albashi da hutu da kwanciyar asibiti. Wehrpass kuwa yakan zauna a ofishin runduna, ana rubuta inda mai shi ya yi aiki. Idan aka ga sunan Feldgendarmerie a ciki, wato 'yan sandan soja, sai farashi ya ɗaga, domin ba su da yawa a cikin miliyoyin sojoji. A ganina tara waɗannan takardu ba laifi ba ne, amma duk wanda ya saya ya karɓi amanar shaida, kuma da wannan amana za a auna shi.

Dalili shi ne irin aikin da waɗannan 'yan sandan soja suka yi. Sojojin Jamus da kansu suka laƙaba musu suna Kettenhunde, karnukan sarƙa, saboda farantin ƙarfen da suke ratayawa a ƙirji da sarƙa. Ba da hannu a hanya da duba takardun izini wani ɓangare ne kawai. Su ke farautar waɗanda suka gudu daga fagen fama, a rundunar da ta kashe dubban 'ya'yanta kan wannan tuhuma, hukuncin da majalisar Jamus ba ta soke ba sai 2002. A ƙasashen da aka mamaye kuma an yi amfani da su kan farar hula. Ranar 12 ga Disamba 1941 suna cikin waɗanda suka bi gida-gida a Paris aka kama Yahudawa 743, aka kai su sansanin Compiègne. Saboda haka hatimi da kwanan wata a littafin mutum guda na iya nuna wace runduna ce ke wane gari a wane mako. Darajar wannan ta ƙaru domin bama-baman da suka faɗa kan Potsdam a Afrilu 1945 sun ƙone kaso mai yawa na ma'ajiyar takardun sojan ƙasa.

Ɓarnar kasuwa iri biyu ce. Ta farko, dillali kan karɓi kayan mutum guda daga hannun magada, littafi da hotuna da wasiƙu da lambar yabo, ya sayar da su ɗai-ɗai don riba ta fi yawa. Ba a raba hanta da jini; hoton da aka raba da littafinsa ya zama fuska marar suna. Ta biyu, tunda sunan runduna ke ƙara kuɗi, 'yan jabu na ɗaukar littafi na gaske su cusa masa hatimi ko lambar da mai shi bai taɓa samu ba. Kuɗin mai saye ya tafi, amma asarar tarihi ta fi girma, domin an sa shaida ya faɗi ƙarya.

Masu tarawa na cewa ba don su ba da tuni jikoki sun zubar da takardun a shara, kuma ma'ajiyar gwamnatin Jamus da ke Freiburg ba za ta iya karɓar komai ba. Wannan gaskiya ce, kuma da yawansu sun ƙware a gane tawada da hatimi ƙwarewar da ta cancanci girmamawa. Sai dai ceton takarda bai cika ba idan ta ƙare a akwatin da ba mai buɗewa. Wasu kuma na cewa a haramta cinikin baki ɗaya, kamar yadda eBay ya hana yawancin kayan Nazi a 2001. Na fahimci ƙyamarsu, amma haramci kan tura kaya bayan fage ne, inda masu kewar Hitila za su fi samun su. Dokar Jamus ma, da ta hana baje alamomin Nazi, ta bar ƙofa ga bincike da koyarwa.

Abin da ake nema ga mai tarawa bai fi ƙarfinsa ba: kada ya raba kayan mutum guda, ya rubuta inda ya samo su, ya ɗauki hoton kowane shafi ya miƙa wa masu bincike, ya kuma bi sawun rundunar har ya san abin da ta yi. Akwai iyalai a Faransa da Poland da Belarus da har yau ke tambayar wa ya ƙwanƙwasa ƙofar kakansu. Wataƙila amsar tana shafin wani littafi da ke kulle a durowar wani.