Ba a ɗaure noti sai mota ta taka ƙasa

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar jif ƙirar Nissan Pathfinder, irin wadda aka ƙera tsakanin 1996 da 2004, ya san wata rawa da take yi idan shekaru suka ja. Kana kan hanyar Kano zuwa Zariya, gudu ya yi nisa, ka ɗan sassauta totur ko ka taka wani tudu, sai bayan motar ya fara kaɗawa hagu da dama kamar kwalekwale a tsakiyar kogi. Sitiyari na hannunka, amma ba shi kaɗai ke juya motar ba. Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan taya ko shokazoba, su kashe kuɗi su canza, rawa kuma tana nan daram. Sau da yawa ciwon yana cikin wasu 'yan robobi ne da ba su wuce a damƙe su a tafin hannu ba.

Tayoyin bayan wannan mota a kan aksil guda suke, ƙarfe ɗaya daga taya zuwa taya. Sifirin ne ke ɗauke da nauyi, amma sifirin ba ya hana aksil zamewa gaba ko baya. Wannan aikin na hannayen ƙarfe ne guda biyar: dogaye biyu a ƙasa, gajeru biyu a sama, da ɗaya a gicciye wanda ke hana shi gocewa gefe. A bakin kowane hannu akwai bushin, wato bututun ƙarfe da aka dasa a cikin roba mai tauri. Zafi da tsufa da ramukan hanya su ke cinye robar. Da zarar ta tsage, aksil ya samu sakewa, ya fara karkata yadda ya ga dama, shi ke nan bayan mota ya zama yana da nasa direban.

Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya canza hannaye huɗu na tasa motar a ƙofar gidansa, ni kuwa na zauna a benci ina kallo tun hantsi har bayan la'asar. Abin da ya fara burge ni shi ne aikin ba ranar ya soma ba. Kwana uku kafin nan, safe da yamma, yana shiga ƙarƙashin motar yana fesa wa kowane noti man sassauta tsatsa. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Da yawa daga cikin tokumbon da ke hannunmu sun yi ƙuruciyarsu a arewacin Amurka ko Kanada, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa ba ya barin ƙarfe lafiya. Tun a kasuwar Ƙofar Ruwa da ya je sayen hannayen ya haɗo da sababbin ƙusoshi da notuna, domin ya san ba duka tsofaffin za su fito da rai ba.

Ya ajiye motar a kan siminti mai lebur, ya tokare tayoyin gaba da katako. Ya ɗaga baya, ya zaunar da gangar jikin a kan tsayayyun ƙarafan tokara, sannan ya mayar da jak ƙarƙashin aksil don ya riƙe nauyinsa kawai. Da ɗansa ya jawo bulo zai ƙara, ya hana shi. Bulo yakan dagargaje ba tare da ya yi sallama ba, mota mai nauyin kusan tan biyu kuwa ba a kwanciya ƙarƙashinta da fatan alheri kaɗai.

Hannu ɗaya yake cirewa, ya sa sabo, kafin ya taɓa na gaba. Mai gaggawa zai kwance duka huɗun lokaci guda, aksil ya mirgine, ya kwana yana neman yadda rami zai haɗu da rami. Kowane sabo sai ya jera shi da tsohon a ƙasa ya gwada tsawo, ya kuma lura da wayar birkin hannu da ke bi ta wurin, kada ta matse ko ta miƙe.

A hannu na uku aka gamu da gardama. Noti ya fita, ƙusar ta ƙi. Tsatsa ta manne ta da bututun cikin bushin, ko ka juya ta, da robar take juyawa ta dawo. Ya mayar da notin a bakinta kafin ya sa guduma, don kada duka ya baje haƙoranta. Ta ƙi motsi. Wani da ke wucewa ya ce, “Baba, a kira mai walda ya sa mata wuta mana.” Ya nuna masa tankin mai da ke can kusa, bai ƙara magana ba. Ya ɗauko zarto, ya zura shi a ɗan tsagin da ke tsakanin hannun da mazauninsa, ya yanke ƙusar ta gefe biyu. Ya fi rabin awa a kwance, gumi na zuba, ko tsaki ban ji ya yi ba. Da ya zo saka sabon, ramukan sun saɓa da ɗan kaɗan. Bai tilasta ƙusa da guduma ba. Ya ɗan ɗaga jak, ya zura siririn ƙarfe mai tsini ya jawo ramin, ƙusa ta shige da turin yatsa.

Nan ne na ga abin da ya sa na rubuta wannan. Ƙusoshi takwas duk sun shiga, amma bai ɗaure ko ɗaya tamau ba; ya bar su da ɗan sassauci. Ya mayar da tayoyi, ya sauke motar ƙasa, ya danna bayanta sau da yawa har ta zauna yadda ta saba zama, sannan ya sake rarrafawa ciki da sifana, a wuri mai ƙunci, ya fara ɗaurin gaske.

Ga dalilin. Bushin irin wannan ba juyawa yake a kan ƙusa ba. Idan aka ɗaure noti, bututun ciki ya kafe ke nan, duk hawa da saukar da taya za ta yi robar ce ke murɗewa ta ɗauke shi. In ka ɗaure mota na sama, aksil na rataye, to da ta sauka robar ta riga ta murɗe, kuma haka za ta zauna dare da rana, ko motar na ajiye. Kowane ramin hanya ƙari ne a kan murɗar da ke nan. Sabon bushin da ya kamata ya yi shekaru sai ya tsage da wuri, mai mota ya yi ta zagin mai kanti cewa jabu ya sayar masa. Na sha ganin an yi wannan kuskure a gareji, ba don mugunta ba, sai don ɗauri ya fi sauƙi idan mota na sama kuma ga wata motar na jira. Maƙwabcina ya zaɓi ya sha wuyar minti ashirin domin robar ta zauna a sake.

Da sifana mai auna ƙarfin ɗauri ya gama, yana duba adadin a littafin gyaran motar, har ta yi ƙas a kowane noti. Ya wanke hannu da omo, ya ce in shigo mu zaga. Muka hau titin bayan gari, ya taka har inda take fara rawarta a da, ya ɗaga ƙafa daga totur. Ya rage sautin rediyo yana saurare, motar na tafiya a miƙe. Bayan mako guda na sake hango ƙafafunsa a ƙarƙashinta, yana bin notunan takwas ɗaya bayan ɗaya.