Faifan Tsufa a Kiɗan Rok Mai Nauyi

Ranar 13 ga Nuwamba, 2020, ƙungiyar AC/DC ta fitar da faifanta Power Up. Mawaƙinta Brian Johnson yana da shekara 73 a lokacin, Angus Young mai jita yana da 65. Kiɗan da suke yi kuwa, rok mai nauyi, samari ne suka ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1960 domin samari 'yan'uwansu: jitar lantarki da aka ƙure wa murya, ganga mai dukan ƙirji, da mawaƙi mai tsala ihu. Babu wanda ya zaci masu furfura za su riƙe shi. Yau ga shi faifan tsufa ya zama al'ada mai zaman kanta a wannan fage.

Masu sharhi sun saba tambayar ko dattawan sun zo da sabon abu. Ni abin da nake kasa kunne in ji daban ne: shin abin da ke hannunsu har yanzu suke kaɗawa, ko kuwa kwaikwayon yaran da suka taɓa zama suke yi?

A 2016 kowa ya ɗauka AC/DC ta watse. Malcolm Young, wanda ya kafa ta tare da ƙanensa Angus a Sidni ta Ostireliya a 1973, ya ajiye jita tun 2014 saboda cutar mantuwa, ya kuma rasu a Nuwamban 2017. Likitoci sun gargaɗi Johnson cewa zai kurmance idan bai bar dandamali ba, sai mawaƙi Axl Rose ya ƙarasa musu zagayen wasannin. Mai ganga Phil Rudd ya faɗa rikicin shari'a a Niyu Zilan, mai jitar bas Cliff Williams ya ce ya yi ritaya. Amma a 2018 dukansu suka haɗu a wani situdiyo a Vancouver ta Kanada, tare da furodusa Brendan O'Brien, Stevie Young kuma ya tsaya a gurbin baffansa Malcolm.

Waƙoƙi 12 ne a faifan, kowacce ɗauke da sunan Angus da Malcolm a matsayin marubuta, domin Angus ya koma ne ga zubin jitar da suka tara tare ba su fitar ba. Nan ƙarfin aikin yake. 'Yan kallo Angus suke gani da kayan 'yan makaranta yana tsalle-tsalle, amma Malcolm ne ginshiƙin gidan: yana tsaye can baya kusa da ganga, yana bugun gajeren zubi, ya ɗauke hannu ya bar sarari, ya sake bugawa. Wannan sararin da ake bari tsakanin bugu da bugu shi ne sirrin kiɗansu, kuma fasaha ce da tsufa ba ya cinyewa, domin haƙuri take buƙata fiye da ƙarfin damtse. A saurari "Shot in the Dark" a ji yadda Rudd yake riƙe da kiɗan ba gaggawa ba ado. O'Brien ma ya yi hikima da bai tilasta wa Johnson tsayin muryar da ya kai a Back in Black na 1980 ba. Masu cewa faifan ya yi kama da na baya sun faɗi gaskiya, sai dai AC/DC ba ta taɓa barin wannan salo ba balle a ce komawa ta yi.

Inda na ga gazawarsa shi ne baitocin. Mutanen da suka binne 'yan'uwa biyu a cikin wata guda, domin George, yayan Angus da Malcolm, ya riga Malcolm rasuwa da 'yan makonni, har yanzu mata da wuta da shaiɗan suke rerawa kamar 'yan shekara ashirin. "Through the Mists of Time" ce kaɗai ta yarda ta waiwaya baya, kuma ita ce ta fi taɓa ni a faifan gaba ɗaya. Na so a ce sun ƙara irinta biyu.

Black Sabbath ta bi wata hanya a 13, wanda ya fito a 2013, faifan situdiyo na farko da mawaƙi Ozzy Osbourne ya yi da ita tun 1978. Furodusa Rick Rubin ya zaunar da su ya kunna musu faifansu na farko na 1970, ya nemi su koma can. Tony Iommi yana jinyar ciwon daji a lokacin, duk da haka jitarsa ba ta yi sanyi ba, faifan kuma ya hau matsayi na ɗaya a Ingila da Amurka. Amma kunne yana jin ɗinkin. "Zeitgeist" inuwar tsohuwar waƙarsu "Planet Caravan" ce, waƙar ƙarshe ma an rufe ta da ruwan sama da ƙararrawar da suka buɗe faifan 1970. Mai gangarsu na asali, Bill Ward, bai shiga ba saboda saɓani kan kwantiragi, kuma lilon da yake ba kiɗan ya tafi tare da shi. An yi aikin da kyau, amma tunatarwa ta fi yawa a cikinsa.

Akwai masu cewa irin waɗannan faya-fayai talla ce kawai ta sayar da tikiti, tunda kuɗin makaɗa yanzu a filin wasa yake, ba a shagon faifai ba. Zargin yana da tushe. Sai dai Power Up ya fito a tsakiyar annobar korona, ƙungiyar ba ta sake hawa dandamali ba sai Oktoban 2023, kuma ya kai matsayi na ɗaya a Amurka da Ingila da Ostireliya ba tare da wasa ko ɗaya ba.

Waɗanda suka fi burge ni a wannan al'ada su ne Deep Purple. Tun Now What?! na 2013, shekara guda bayan rasuwar tsohon mai kibod ɗinsu Jon Lord, suke aiki da furodusa Bob Ezrin, wanda yake barin su su kaɗa tare a ɗaki ɗaya, jita da kibod ɗin Don Airey suna amsa wa juna. Ian Gillan, haifaffen 1945, ya daɗe da daina rera "Child in Time" a dandamali domin maƙogwaro ba ya kai wa can, sai ya sauko da murya yana waƙa kan shuɗewar lokaci da wautar ɗan Adam, kamar yadda aka ji a Whoosh! na 2020. Da mai jita Steve Morse ya bar su a 2022 suka ɗauki Simon McBride, wanda ya yi ƙuruciyar da zai iya zama ɗansu, suka fitar da =1 a 2024. Waƙoƙinsa sun fi na baya zafi, Ian Paice, wanda yake kan gangar tun 1968, shi ne yake kora su.