Tsokaci a Kan Musanya Amo Kai Tsaye a Manhajar LilyPond

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce auna wata dabara da masu rubuta kiɗa da kwamfuta suka runguma, watau barin na'ura ta musanya amo da kanta. Abin da muke nufi da amo shi ne matsayin sauti wajen kaifi ko kauri. Za mu taƙaita ga LilyPond, manhajar da Han-Wen Nienhuys da Jan Nieuwenhuizen, mutanen Holan, suka fara a 1996. A cikinta da haruffa ake rubuta kiɗa: c, d, e, f, g, a, b. In an ɗafa "is" an ɗaga amo da rabin mataki, in an ɗafa "es" an saukar da shi.

2.0 Inda Dabarar Ta Yi Rana

Ba mu da ja game da umarnin \transpose. Shi yakan ɗauki waƙa ɗungurungum ya kai ta wani matsayi, tazarar da ke tsakanin amo da amo kuwa tana nan daram. Malamin da ya ga waƙa ta fi ƙarfin muryar ɗalibansa zai sauko da ita da layi ɗaya, aikin da a da yakan cinye masa yini.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Damuwarmu tana ga wata dabarar da littafin jagorar manhajar ya kawo, mai suna naturalizeMusic. Ita takan mai da eis ya zama f, bis ya zama c, ta kuma kawar da alamomi masu ninki biyu. Hujjarta ita ce a piyano maɓalli ɗaya ake taɓawa.

To amma a dubi babban tsanin amo da ya faro daga fis: fis, gis, ais, b, cis, dis, eis. Kowane harafi ya fito sau ɗaya, kuma eis ne ke jan kunne zuwa gida. Da zarar an mai da shi f, harafin e ya ɓace, f ya zama biyu, ɗalibi kuma ya kasa gane matakin da yake kai. Daidai yake da a ce keken rubutu ya sauƙaƙa mana Hausa ta hanyar cire lanƙwasa, "ƙafa" ta koma "kafa".

Daɗin daɗawa, zaman eis da f abu guda ya tsaya ne ga saitin da ya raba zango gida 12 daidai wa daida. A saitin da ya yaɗu a Turai a ƙarni na 16 da na 17, bambancinsu ya kai kusan kashi 41 cikin 100 na rabin mataki. Shi ya sa a Italiya aka ƙera wasu kayan kiɗa masu tsagaggen maɓalli, kowane amo da nasa.

4.0 Kammalawa

A ganinmu, kada a ɗora wannan dabara a kan waƙa baki ɗaya ido rufe. A tanade ta domin 'yan koyo, a kuma adana rubutun asali yadda mawallafi ya bar shi. Na'ura lissafi ta iya. Sanin dalilin da ya sa aka rubuta eis yana wuyan malami, kuma shi za a tuhuma in ɗalibi ya tashi bai sani ba.