Kishi a Baki, Sakaci a Rubuce

Masu bibiyata sun san na sha faɗar wannan magana, to yau ma sai kun yi haƙuri, don abin bai daina ci mini tuwo a ƙwarya ba. Ɗalibanmu na jami'a da na kwaleji sun shiga yayin rubuta muƙala a kan harshe da asali: wane ne ni, mene ne ya mai da ni Bahaushe, ina harshenmu ya dosa. Da watan Agusta ya kama, ana shirin Ranar Hausa ta Duniya da ake yi ran 26 ga wata tun 2015, sai rubuce-rubucen su yi ta kwarara. Yayi ne mai kyau, kuma wallahi yana faranta mini rai. Amma karɓi muƙalar ka dubi yadda aka rubuta Hausar da ake yi wa kirarin. Nan raina yake ɓaci.

Kwanakin baya ɗiyar ƙanwata, wadda take aji biyu a jami'a, ta turo mini aikin da malaminsu ya ba su a kan wannan batu. Da Turanci ta rubuta, don da shi ake koyar da darasin. Rubutu tsaf: kowane waƙafi a mazauninsa, babban baƙi inda ya kamata, kalmar da ta yi shakka a kanta ma sai da ta duba ƙamus. Abin da ta faɗa kuma ya taɓa mini zuciya. Ta ba da labarin makarantar kuɗin da ta yi firamare, inda ake cin tarar duk yaron da aka kama yana Hausa, har ta taso tana ganin harshen gidansu abin ɓoyewa ne. Ta faɗi irin kunyar da take ji idan kakarta ta jefo karin magana, kowa ya kwashe da dariya, ita kuwa ta tsaya tana bin bakin mutane da kallo. Ta rufe da cewa ta ƙudiri aniyar komawa ga harshenta. Madalla da wannan.

Daga baya ta sake rubuta muƙalar da Hausa don mujallar ƙungiyarsu ta ɗalibai. Ga jimlar farko yadda ta zo mini: "nikam inason harshena sbd shine gatana, baxan taba mantawa dashiba". Haka ta tafi har ƙarshe, ba aya, ba sakin layi, ba ƙugiya ko ɗaya. Na kira ta a waya na ce, "Ke 'yar nan, wa ya rubuta wannan?" Ta ce, "Ni ce mana, Kawu." Na ce, "Da hannun da kika rubuta na Turancin?" Ta yi dariya ta ce, "Haba Kawu, ai Hausa ce, kowa zai gane."

Ai Hausa ce. Wannan amsar ita ce ciwon, kuma ba ita kaɗai take bayar da ita ba. Yaron da zai rasa barci idan ya yi kuskuren harafi guda a Turanci, don ya san abokansa za su yi ta tsokanarsa har a tashi daga makaranta, shi ne zai zuba Hausa yadda ya ga dama bai ko waiwaya ba. Ya yarda Turanci yana da ƙa'ida kuma karya ta abin kunya ne. Hausa kuwa a wurinsa ta gida ce, ba ta fushi, ko yaya aka yi mata za ta haƙura. To ashe tarar nan da ake ci a makarantar kuɗi ta yi aikinta. Yaro ya girma, ya gane an zalunce shi, ya zauna ya rubuta muƙala yana kukan zaluncin, amma darasin da aka cusa masa, cewa harshe ɗaya ne ya cancanci a kula da shi, yana nan daram a hannunsa.

Kuma rubutun da ake yi wa riƙon sakainar kashi ba daga sama ya faɗo ba. Tun 1912 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko, kuma ko a lokacin an gane akwai sautukan da haruffan Turanci ba za su ɗauka ba. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East da abokan aikinsa suke buga littattafai a Zariya, aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ. Da wannan rubutu Abubakar Imam ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, mutanen da ba su yi ko aji huɗu ba suna karantawa suna fahimta. Aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, malamai suka je Bamako a 1966, suka sake haɗuwa a Yamai a 1980 don Bahaushen Maraɗi da na Katsina su rubuta abu iri ɗaya. Dattawa masu furfura sun ɓata kwana da kwanaki suna muhawara a kan inda za a raba kalma da inda za a haɗa. Sai kai da ka zo jiya ka soke duk wannan da babban yatsanka, kana kwance a kan katifa, wai ai Hausa ce.

Ba gaskiya ba ne ma cewa kowa zai gane. Wanda ya rubuta "itace matarsa" ya aurar da mutum ga makamashin girki, alhali "ita ce" yake nufi. Wanda ya cire ƙugiya ya bar mai karatu yana lalube ko bakin mutum ake magana ko baƙin da suka zo. Mu da muka sha Hausa a nono mukan yi tuntuɓe mu koma baya mu gyara a zuci, sai mu ce mun gane. Amma ka tuna da yaron Zango a Kumasi ko na Nima a Akara da yake son ya koyi rubuta harshen kakanninsa, ko ɗan Filato da Hausa ce harshensa na kasuwa. Abin da ya gani a rubuce shi zai ɗauka daidai ne. Kai kake koya masa, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne x ɗin nan. Da q a madadin ƙ ina iya yin uzuri, don mai ita aƙalla ya ji akwai bambanci tsakanin sautukan biyu, ya nemi hanyar nunawa. Amma me z ta yi muku? Tana nan a kan madannan waya, kafaɗa da kafaɗa da x, babu wahalar da aka rage. "Xan xo", "xuciyata", "xumunci". Wannan ba gaggawa ba ce, ado ne, kuma adon da ya shiga har cikin muƙalar da ake kare martabar harshe. Kamar mutum ne ya tashi yi wa mahaifiyarsa kirari a gaban taro, alhali ya bar ta da yagaggen zane.

Na san abin da za ku ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, yawancin wayoyi ba su da haruffanmu sam. Wadda take da su ma, saƙon tes guda da yake ɗaukar harafi 160 sai ya koma 70 da zarar ka sa ƙ ɗaya, kuɗin katinka ya tafi a banza. A nan aka koyi "sbd" da "ngd" da "slm", kuma ban ga laifin mai tattalin katinsa ba. Amma yau fa? Gboard yana da Hausa, kyauta, minti biyu ya isa ka saka shi. Uzurin ya mutu tuntuni, ɗabi'ar ce ta ƙi binsa.

Zan kuma yarda, ko da ba da son raina ba, cewa ba a taɓa rubuta Hausa da yawa kamar yanzu ba. Mata marubuta suna fitar da labarai babi-babi a waya, dubban mutane suna jiran na gaba, kuma gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 ta nuna akwai alƙaluma masu kaifi a cikinsu. Sai dai da yawa daga cikin ɗaliban nan a irin waɗannan labarai suka fi ganin Hausa a rubuce, ba a Magana Jari Ce ba, kuma kaɗan ne daga labaran suke bi ta hannun mai tacewa. Abin da ido ya saba gani shi hannu yake rubutawa.

Kada kuma wani ya juya mini magana ya ce ina yaƙi da karin harshe. Basakkwace ya rubuta Sakkwatancinsa, Badamagare ya rubuta nasa, ni mai so ne, yana ƙara wa rubutu armashi. Amma Sakkwatanci ma ana raba kalmominsa, ana sa masa ƙugiya da aya. Sakaci ba karin harshen kowane gari ba ne.

Laifin ma ba na yara kaɗai ba ne. Ku ɗaga kai ku dubi allunan shaguna, da fastocin 'yan siyasa, da sunayen finafinai, har da wasu kafofin labarai da suke da editoci masu albashi. An biya mai zane kuɗi masu kauri, an buga hoto ya fito fes, amma ba a samu mutum ɗaya da zai duba jimla guda ta Hausa ba. Da Turanci ne, da an sauke allon a ranar. Malamai ma suna da nasu kason: wanda ya karɓi muƙalar Hausa ya ba da maki don ra'ayin ya yi masa daɗi, bai ja jan biro a kan "dashiba" ba, ya cuci ɗalibin nan.

Don haka, ɗalibai, ku ci gaba da rubuta muƙalunku a kan harshe da asali, ina son karantawa, kuma akwai abin faɗa da yawa. Amma ku saka Hausa a madannan wayarku yau. Ku nemi Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, ku leƙa Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya ku ga hanyar da aka biyo. Ku karanta abin da kuka rubuta sau biyu kafin ku tura, yadda kuke yi wa Turanci. Wanda ya turo mini muƙala in duba masa, ƙofata a buɗe take, amma in na ga x a wurin z zan mayar masa da ita ya gyara tukuna.