Jinjina ga Masu Barin Kaɗanya a Tsaye

Wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Lokoja, da ya wuce Gwagwalada ya doshi Sheda a ƙaramar hukumar Kwali, zai ga gonakin doya da dawa, a tsakiyarsu kuma ga kaɗanya da ɗorawa jefi-jefi. Ba wanda ya dasa su. Manomi ne ya zo sharar gona, ya ga tsiro, ya janye gatarinsa.

Wannan janyewar ta cancanci yabo. Kaɗanya takan shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, don haka mai barinta jikokinsa yake yi wa tanadi. Sannan ga matan Gbagyi da maƙwabtansu masu sammako da damina: su tsinto 'ya'yan, su dafa, su shanya, su soya, su niƙa, su yi ta bugu har man kaɗe ya taso. Su ne kuma ke mayar da kalwa daddawa. Albarkacin wahalarsu ake jin nauyin sare itacen. Allah Ya saka musu da alheri.

Sai dai gawayi na da kasuwa a Abuja, filaye kuma yanka su ake yi ba ƙaƙƙautawa. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida domin a sarrafa shi a gida. Madalla, amma hakan ba ya tsayar da gatari.

Ga masana a cibiyar kimiyya ta SHESTCO, cikin Sheda kanta. Su shiga gonakin nan su haɗa hannu da manoma wajen renon dashe. Mai sayen fuloti kuma ya bar itacen da ya tarar.