Littafin Shaihu Umar a Hannun Malamin Gobe

Gabatarwa

A shekarar karatu ta 2009/2010 aka cire darasin tarihi daga manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare na Nijeriya, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin darasin nazarin zamantakewa. A watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin maido da shi, tare da zaɓen malamai 3,700 da za a horar, wato ɗari daga kowace jiha da Abuja. A 2025 kuma aka sake sanar da cewa tarihin Nijeriya ya zama wajibi tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Sai dai yawancin ɗaliban da ke kwalejojin ilimi da jami'o'i a yau, waɗanda su ne za su riƙe alli gobe, sun yi firamarensu ne a shekarun da ba a koyar da darasin. Ke nan ana neman mutum ya shayar da abin da bai sha ba.

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce duba littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, a ga irin gudummawar da zai bayar wajen shirya malamin da zai koyar da tarihi da ilimin zama ɗan ƙasa, a kuma nuna inda littafin ya gaza, domin gazawar ma darasi ce ga mai neman malanta.

Marubucin da Zamaninsa

Shaihu Umar yana cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Marubucin malamin makaranta ne. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, wadda aka kafa domin horar da malamai, daga 1928 zuwa 1933, sannan ya koma Bauci ya koyar a Makarantar Midil. Saboda haka malami ne ya rubuta littafin, kuma 'yan makaranta ya nufa da shi. Wani abin lura shi ne, lokacin da littafin ya fito ba a riga an kafa dokar 1936 da ta kawar da bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya ba. Masu karatunsa na farko sun san bayi da idonsu, wasu ma a cikin gidajensu.

Labarin a Taƙaice

An buɗe labarin da Shaihu Umar, babban malami a garin Rauta kusa da Bauci, yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa bayan ɗayansu ya tambaye shi asalinsa. A Kagara aka haife shi, ya tashi maraya. Mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki. Bayan wani harin kama bayi, 'yan'uwansa fadawa suka yi wa Makau ƙazafin ɓoye wasu daga cikin bayin, sarki ya kore shi daga gari. A cikin wannan rikici aka sace Umar yana ƙaramin yaro, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har ya isa Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi tamkar ɗa, ya ƙetare hamada da shi zuwa Ber Kufa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Mahaifiyar ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita. Sun sadu a Tarabulus tana gab da rasuwa. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta hallaka ayarinsu, Umar ya tsira, ya iso ƙasar Barno a daidai lokacin faɗuwar Rabe, wanda Faransawa suka kashe a 1900.

Abin da Malami Zai Tsinta

Babbar cutar koyar da tarihi a makarantunmu ita ce hadda: jerin sunayen sarakuna da shekarun sarautarsu, yaro ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, ya manta. Shaihu Umar magani ne ga wannan cuta ta fuskoki uku.

Na farko, ya sa wa tarihi fuskar mutum. In aka ce wa ɗan aji biyar an yi cinikin bayi ta hamada, magana ce kawai. In aka ba shi labarin uwar da ta bar gida tana cigiyar ɗanta har ta ƙare a hannun masu saye da sayarwa, abin zai zauna masa. Na biyu, labarin taswira ne. Ɗalibin malanta zai iya zana hanyar daga Kagara zuwa Zazzau da Kano, ta Murzuk har Tarabulus, ya nuna wa yara cewa Kano tana hulɗar ciniki da ilimi da Afirka ta Arewa tun kafin zuwan Turawa. Na uku, zubin littafin kansa darasi ne na dabarun koyarwa. Tambayar almajiri ce ta haifi labarin duka, malamin kuma bai tsawata masa ba, bai kuma ɓoye cewa shi kansa an taɓa kama shi bawa ba. Malamin da ke jin tambayar yaro a matsayin raini yana da abin koyi a nan.

Ta fuskar zama ɗan ƙasa kuwa, korar Makau ta isa darasin mako guda. An hukunta mutum bisa maganar mahassada, a gaban mai ikon da babu wanda zai ce masa a sake dubawa, kuma daga wannan hukunci ɗaya ne iyali guda ya tarwatse. Daga nan malami zai iya jawo yara zuwa ga amfanin shaida, da haƙƙin wanda ake tuhuma na a saurare shi, da dalilin da ya sa aka raba ikon mai mulki da na alƙali a Tsarin Mulkin 1999.

Inda Littafin Ya Gaza

Duk da haka, wanda ya ɗauki littafin ya shiga aji ba tare da nazari ba zai yi ɓarna. Jigon littafin haƙuri ne da miƙa wuya ga ƙaddara. Tauraron ba ya ƙulla komai da kansa. Ana ɗaukarsa ne ana ajiyewa, alherin da ya samu kuma ya zo ne daga dacewa da ubangida nagari. Haƙuri hali ne abin yabo, amma darasin zama ɗan ƙasa yana bukatar yaro ya san cewa zalunci aikin mutane ne, mutane kuma suna iya hana shi. In malami bai fayyace wannan ba, yaro zai fita da fahimtar cewa aibin bauta shi ne faɗawa hannun mugun ubangida kawai.

Gazawa ta biyu ta fi wannan nauyi. Mai karatu yana zubar da hawaye saboda Umar da mahaifiyarsa, yana kuma jin zafin ƙazafin da aka yi wa Makau. To, mutanen ƙauyen da Makau da abokansa suka kai wa hari fa? Littafin bai biyo su ya ba mu labarinsu ba. Sun shigo ne a matsayin dukiyar da ake gardama a kanta a fada, alhali kowane ɗayansu yana da uwa irin ta Umar. Wannan batu ya shafe mu ƙwarai, mu da ke karatu nesa da ƙasar Hausa. Ajin da ɗalibinmu zai koyar ya haɗa 'ya'yan ƙabilu da addinai daban-daban, cikinsu har da jikokin waɗanda aka kai wa hari da jikokin waɗanda suka kai. Malamin da bai taɓa yi wa kansa wannan tambaya ba, ranar da yaro ya yi masa ita zai rasa ta cewa, ko ya kare kakanninsa da ƙarya, ko ya ɗora wa wata ƙabila laifin duka, alhali ba yanki ɗaya na ƙasar nan ba ne ya yi cinikin bayi.

Na uku, ƙagaggen labari ne. Rabe da Murzuk da kasuwar bayi ta Kano tarihi ne tabbatacce, amma Umar da Makau ƙirƙirar marubuci ce. Wajibi ne a koya wa ɗalibin malanta tace wannan daga wancan, domin raba abin da ya tabbata da abin da aka ji an ce shi ne kan gaba a aikin masanin tarihi, shi ne kuma garkuwar ɗan ƙasa a zamanin jita-jitar wayar salula.

Kammalawa

Shawarar wannan sharhi ita ce sassan Hausa da na tarihi da na ilimin firamare su haɗa hannu su sa littafin cikin darasin dabarun koyarwa. Akwai fassarar Turanci ta Mervyn Hiskett ta 1967 ga waɗanda ba su jin Hausa, da wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara, da fim ɗin Adamu Halilu na 1976. A sa kowane ɗalibi, kafin ya fita koyarwar gwaji, ya zana taswirar tafiyar Umar, ya ware tarihi daga ƙirƙira a babi guda, sannan ya rubuta shafi biyu da bakin ɗaya daga cikin mutanen da aka kamo a harin Makau. Wanda ya iya wannan aiki na ƙarshe da adalci, ana iya damƙa masa 'ya'yan kowa ya koya musu tarihin ƙasarsu.