Batsa da Fasaha: Matsalar Fassarar « Érotisme » da « Pornographie » a Nazarin Adabi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama domin fassara wani nazarin adabi daga Faransanci zuwa Hausa ya san inda alƙalami kan cije. Faransanci yana da kalmomi uku, wato obscénité da érotisme da pornographie, mu kuwa da wuya mu wuce guda ɗaya, ita ce batsa. Idan Bafaranshe ya ce littafi kaza érotique ne, bai zage shi ba. Idan ya ce pornographique ne, ya fitar da shi daga sahun adabi ke nan. Mai fassarar da ya mayar da duka biyun « littafin batsa » ya yanke hukuncin da marubucin asali bai yanke ba.

Matsalar ba ta tsaya ga ƙamus ba. A shekarar 2007 gwamnatin jihar Kano ta ƙona littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai, bisa zargin ɓata tarbiyya. A sassanmu kuma, ɗalibin da ya je ƙauye ɗaukar waƙoƙin baka yakan dawo ya tace abin da ya ɗauko, ya zubar da duk baitin da yake jin kunyar karantawa gaban malamansa, har kundin ya fito ba da abin da mawaƙin ya faɗa ba. A wannan maƙala za mu duba tambayoyi biyu: me ya raba érotisme da pornographie, kuma ko ita pornographie za ta iya zama fasaha?

2.0 Asalin kalmomin

Kalmomin biyu daga Girkanci suka fito. Érotisme ta samo asali daga Eros, sunan abin bautar so da sha'awa. Pornographie kuwa haɗin kalmomi biyu ne, ɗaya mai nufin karuwa, ɗaya mai nufin rubutu. Littafin da Restif de la Bretonne ya fitar a 1769 da sunan Le Pornographe shawara ce kan yadda hukuma za ta tsara karuwanci. Daga baya ne ma'anar ta koma ga rubutu ko hoton da aka yi domin tayar da sha'awa. Abin lura shi ne tun daga tushe kalma ɗaya tana nuni ga abin da zuciya ke ji, ɗayar tana nuni ga ciniki.

Batsa a Hausa wani abu dabam take aunawa. Tana auna baki ne da wuri: faɗin abin da alkunya ta hana a faɗa, a gaban wanda bai kamata ya ji ba. Saboda haka obscénité ce ta fi kusa da ita.

3.0 Ma'aunai uku da aka gwada

3.1 Ma'aunin sakayawa

Ra'ayin da ya fi yaɗuwa shi ne érotisme yana sakaya zance, pornographie tana tsiraita shi. Roland Barthes, a cikin La Chambre claire (1980), ya yi bayanin da ya fi wannan zurfi. A ganinsa hoton pornographie abu guda tak yake nunawa, ba ya barin ido ya je ko'ina, alhali hoton érotique yakan ja mai kallo zuwa abin da ke wajen hoton.

Wannan ma'auni yana da daɗin ji ga Bahaushe, domin ya yi daidai da kunya da kara. Amma idan an tsaya ga yawan abin da aka bayyana kawai, ba ya jure gwaji. Risala ta Ibn Abi Zaid ta yi bayanin maziyyi da maniyyi da abin da ke wajabta wanka dalla-dalla, malami kuma yana fassara shi da Hausa a zaure gaban manya da matasa, ba wanda ya taɓa kiran wannan batsa. Haka littafin koyon aikin likita. A ɗaya ɓangaren, akwai zanen Gustave Courbet mai suna L'Origine du monde (1866), wanda bai sakaya komai ba. Khalil Bey, jami'in diflomasiyyar Daular Usmaniyya da ya fara mallakarsa, a bayan labule ya ajiye shi. Jacques Lacan ma da zanen ya shigo hannunsa, bayan wani allo ya ɓoye shi. A 1995 aka rataye shi a gidan tarihi na Orsay a Paris, inda kowa ke iya gani. Ko ɗigon fenti ba a ƙara masa ba. Wurin ratayewa ne ya sauya.

3.2 Ma'aunin alƙali

Shari'a ma ta gwada nata. A shekarar 1857 mai gabatar da ƙara guda, Ernest Pinard, ya gurfanar da Flaubert saboda Madame Bovary, ya kuma gurfanar da Baudelaire saboda Les Fleurs du mal. An sallami Flaubert. An ci tarar Baudelaire faran 300, aka kuma ba da umarnin cire waƙoƙi shida daga diwanin. Sai a 1949 babbar kotun Faransa ta soke hukuncin, bayan shekara 92. Abin da alƙali ke aunawa shi ne haƙurin jama'ar zamaninsa, shi kuwa haƙuri yana ƙaruwa yana raguwa. Manazarci ba zai gina ma'ana a kansa ba.

3.3 Ma'aunin mutunci

A 1978 Gloria Steinem ta kawo wani bambanci: érotisme yana nuna mutum biyu masu yarda da juna, pornographie kuwa tana nuna danniya, galibi ta namiji a kan mace. Wannan hujja ce mai ƙarfi ta fuskar ɗabi'a, za mu kuma komo gare ta. Amma ta fuskar adabi tana cin karo da Histoire d'O (1954), littafin da daga farkonsa har ƙarshensa danniya ce, wanda mace ta rubuta da sunan aro Pauline Réage, ya kuma ci lambar Deux Magots a 1955. Susan Sontag ta kafa hujja da shi, tare da Histoire de l'œil na Georges Bataille (1928), a maƙalarta ta 1967, inda ta ce akwai littattafan da pornographie ne kuma adabi ne a lokaci guda. Mugun abu yana iya samun gwanin marubuci, kamar yadda zambo mai kashe mutum da ransa yake iya zama gwanintar waƙa.

4.0 Abin da batsar Hausa ke koyarwa

A nan ne muke ganin adabin baka na Hausa yana da gudummawar da zai bayar, domin ya raba abubuwa biyu da mahawarar Turai ta saba gwamawa: faɗin abu ƙarara, da tayar da sha'awa.

Mu ɗauki ƴan gambara. Ba su da sakayawa ko kaɗan. Suna ambaton al'aura da sunanta. Amma mu dubi yanayin wasan. Da rana ake yi, a tsakiyar kasuwa, cikin taro. Ɗaya yana jefa magana, ɗaya yana cafewa, kiɗa yana riƙe da su. Abin da ke fita daga bakin ƴan kallo dariya ce, wani kuma ya ba da kuɗi don a yabe shi, wani ya bayar don a ƙyale shi. Wanda ya tsaya yana sauraro, saurin baki yake sauraro, da dacewar amsa, da yadda aka kamanta abu da abin da ba wanda ya zata. Idan aka sauya kalma guda, karin ya karye, dariyar ta mutu.

Haka waƙoƙin amada. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi waƙa a kan ɗuwaiwai, mata suna kiɗan ƙwarya suna rawa a gidan biki. Jikin mace ne jigon, amma mace ce ke faɗa, mata ne ke ji, abin da ke ciki kuma alfahari ne da tsokanar juna. Wanda ya cire waƙar daga tsakar gida ya kai ta gaban kwamitin maza, dole ya ji batsa, domin ya kai ta inda ba a yi ta dominsa ba.

Pornographie akasin wannan take ta kowace fuska. A ɓoye ake nemanta, mutum shi kaɗai, jiya a kasat ɗin bidiyo, yau a salula. Ba ta son dariya, domin dariya tana kashe abin da ta zo tayarwa. Ba ta son a lura da gwanintar wanda ya yi ta. Labarin da ke cikinta hanya ce kawai ta isa wurin da ake son isa, shi ya sa mai kallo yake tsallake shi ba tare da ya yi asarar komai ba.

5.0 Matsayinmu

Bisa ga wannan, muna ganin bambancin yana ga inda aikin yake ajiye hankalin mai karatu ko mai kallo. Muna ba da shawarar gwaji biyu.

Na farko gwajin musanya. A sauya sunayen taurarin, a sauya garin, a sauya kalmomin da makamantansu, a gaba da baya da sassan. Idan aikin bai rasa komai ba, pornographie ce, domin mutanen cikinta ba mutane ba ne, gurabe ne da kowa zai iya cikewa. Idan ya rushe, akwai fasaha. Tafiyar Emma Bovary da Léon cikin keken doki mai rufaffen labule a titunan Rouen ba ta nuna komai ba sai sunayen unguwanni da hannun da ya watsar da yagaggiyar takarda, amma ba za a iya ɗauke ta a ba wata mace a wani littafi ba.

Na biyu gwajin komawa. Abin da aka yi domin biyan buƙata, da buƙata ta biya ya gama aiki, sai a nemi sabo. Shi ya sa harkar take rayuwa a kan yawa. Aikin fasaha kuwa ana komawa gare shi bayan sha'awa ta kwanta, a tarar da saura. Mu'allaƙar Imru'ul Ƙaisi tana ɗauke da labarin shiga wurin mata da dare, amma ƙarni da dama ke nan malaman lugga suna karantar da ita.

To, ko pornographie za ta iya zama fasaha? Mun yarda da Sontag cewa littafi guda yana iya ɗaukar duka biyun. Inda muka rabu da ita shi ne ba mu ga suna aiki tare ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Gwargwadon yadda salo ya riƙe mai karatu, gwargwadon yadda aikin biyan buƙata yake lalacewa. Mai neman jin daɗi da ya buɗe Bataille, tsoro da ƙyama zai tarar. Wanda ya buɗe Sade, dogayen hujjojin falsafa za su tare masa hanya. Waɗannan littattafai sun shiga adabi ne ta ƙofar da suka kasa zama pornographie mai kyau.

Akwai iyaka guda da dole mu shata. Duk abin da muka faɗa ya shafi rubutu da zane da waƙa, inda jikin da ake magana a kansa ƙagagge ne. Kamara kuwa mutum mai rai take ɗauka. A nan hujjar Steinem take da cikakken ƙarfinta: ko an yarda, ko an tilasta, ko talauci ne ya sa, ko yarinya ce. Hoton da aka sata daga salular wata aka watsa ba matani ba ne da za a yi wa nazarin salo, cin zarafi ne. Kyan haske da iya ɗauka ba sa amsa wannan tambaya.

6.0 Kammalawa

Domin aikin fassara a sassanmu, muna ba da shawarar kalmomi uku. A bar batsa ga obscénité, wato faɗin abu ƙarara, ko don dariya ko don zagi. A kira érotisme « adabin sha'awa », inda sha'awa take jigo kamar yadda yaƙi ko mutuwa suke zama jigo. A kira pornographie « batsar biyan buƙata ». Ba mu ce kalmomin sun zauna ba. Amfani ne zai gwada su.

Ga ɗalibanmu masu zuwa ɗaukar waƙoƙi kuwa, shawararmu ita ce su rubuta abin da suka ji yadda suka ji shi, su kuma rubuta wurin, da lokacin, da waɗanda ke zaune, da abin da taron ya yi bayan an faɗa. Tacewa aikin mai buga littafin ƴan makaranta ne, kuma yana da hujjarsa. Kundin bincike da aka tace kuwa ya hana na baya abin da za su auna, ba kuma za a sake tara matan da suka yi kiɗan ƙwaryar a wannan tsakar gida ba.